Ranar Naƙuda Ba Ranar Neman Izini Ba Ce

Jama'a, akwai sanarwar da kunnuwanmu suka saba da ita har ta daina girgiza mu. Ana sallame sallar asuba sai wani dattijo ya miƙe ya ce Allah ya yi wa matar wane rasuwa cikin dare, wajen haihuwa, za a yi jana'iza ƙarfe takwas. Mu yi salati, mu raka ta makwancinta, mu dawo mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu gaisuwa su ce kwana ne ya ƙare. Wani ya tambaya a hankali ko abin da ta haifa ya zo da rai. Amma da wuya ka ji wanda ya tambaya ƙarfe nawa naƙudar ta kama ta, wa yake kanta a lokacin, awa nawa jini ya yi yana zuba kafin a fita neman mota, kuma ina maigidan yake. Muna gudun waɗannan tambayoyi ne domin amsarsu tana nuno mu da yatsa. Su na zo in yi yau, da babbar murya.

Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Wato cikin kowace gawa huɗu, fiye da ɗaya tamu ce. In ka raba, ya haura mace 200 a kowace rana, mace ɗaya a duk minti 7. Kada kuma mu yaudari kanmu, Arewa ce ta ɗauki kaso mafi nauyi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 10 ba a samun 2 da aka yi a asibiti. Sauran a ɗaka ake yi, wata a hannun tsohuwa, wata a hannun kishiya, wata kuma ita kaɗai a bayan ƙofa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce rai na Allah ne, kuma matar da ta mutu wajen haihuwa ta yi shahada. Gaskiya ne, muna kuma roƙa musu wannan daraja. To, ai wanda ruwa ya ci ma malamai sun ce shahidi ne. Amma wane mai imani ne zai tsaya a bakin kogi, ga igiya a hannunsa, yana kallon ɗan'uwansa yana nutsewa, ya ce bari ya samu shahada? Shahadar ladanta ce ita. Sakacin kuwa namu ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne dai ya umarce mu da neman magani.

Bari mu fara da jini, domin shi ne kan gaba wajen kashe su. Da yawanmu ba mu san abin da yake faruwa a jikin mace bayan ɗa ya faɗo ba. A ƙarshen ciki, jinin da yake ratsa mahaifa a minti ɗaya ya kai rabin lita. Idan mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa, takan bar jijiyoyin jini a buɗe, kuma abin da yake rufe su shi ne mahaifar ta dunƙule ta yi tauri. In ta dunƙule, jini ya tsaya. In ta saki, saboda doguwar naƙuda, ko tagwaye, ko yawan haihuwa, ko wani ɓangare na mabiyiya da ya maƙale, sai jini ya ɓalle. Ma'aunin da malaman asibiti suka daɗe suna aiki da shi shi ne rabin lita, daidai ledar fiya wata guda. In abin da ya zuba ya kai haka, an shiga haɗari. Mace lafiyayya, wadda ta tuƙa tuwo da hannunta da rana, tana iya cikawa cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba.

A ɗaka kuwa me muke yi? A sa tsumma, a canza zane, a ce mugun jini ne, gara ya fita. Ta ce jiri take ji, a ce yunwa ce, a tashi dama kunu. Ta ce sanyi take ji, idonta yana ganin duhu, a lulluɓe ta da bargo. Can ta yi shiru, a ce barci ne ya ɗauke ta, a yi wa yara tsawa kada su tashe ta.

Ungozomar da ta yi karatu ba ta jiran wannan. Cikin minti ɗaya da faɗowar ɗa takan yi wa uwar allurar oksitosin, wadda take sa mahaifa ta dunƙule. Ta taimaka mabiyiya ta fito, ta shimfiɗa ta a faranti ta duba ko ta fito cikakkiya. Ta ɗora tafin hannu a ƙasan cibiyar mai jego, in ta ji laushi ta murza har mahaifar ta yi tauri. Ta duba ko ta ƙaru, ta ɗinke. Ta riƙa dawowa a kai a kai tana taɓa cikin, tana duba zane, tana auna bugun zuciya. In abu ya ƙi, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta ƙara magani, ta sa a kira likita da masu ba da jini tun mace tana magana. Wannan shi ne bambancin da yake tsakanin barka da ta'aziyya, kuma hannun mace ɗaya ne mai horo yake kawo shi.

Wannan ilimi kuwa ba daga nesa kaɗai yake zuwa mana ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Abin da aka gwada leda ce mai layin awo a jiki, da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin ya taru a ciki, ungozoma ta ga adadinsa da idonta maimakon kintace. Da ya kai layi sai a haɗa mata dukkan matakan tsayar da jini a lokaci guda, ba a tsaya ana gwada ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani, da tiyata ko mutuwar da yake jawowa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. A Nijar ma, da aka horar da ma'aikata aka wadata asibitoci da ƙwayoyin misoforostol da wasu 'yan kayan aiki masu araha, mutuwar mata ta dalilin zubar jini bayan haihuwa ta ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Nijar ba ta fi mu kuɗi ba. An san maganin, yana nan, kuma ba shi da tsada. Abin da ya rage shi ne mace ta kasance a inda yake, a daidai lokacin da take buƙatarsa.

A nan ne maganar ta iso kanka, maigida. Masana sun daɗe da gano cewa jinkiri uku ne yake kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar fita da ita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake, kuma a bakinka maganinsa yake. Sau nawa mace tana durƙushe, matan gida sun ga abin ya fi ƙarfinsu, amma ba wadda za ta iya cewa a fita da ita, saboda maigida ya tafi cin kasuwa, ko yana Legas ci-rani kuma wayarsa ba ta shiga? A aika wa ƙaninsa, ya ce shi ba zai yanke hukunci a gidan yayansa ba. A je wa mahaifinsa, ya ce a ƙara haƙuri zuwa safe. Kowa yana tsoron a ce shi ya fitar da matar wani ba da izini ba, ba wanda yake tsoron a ce shi ya bar ta ta mutu. Kafin safen da ake jira, an fara haƙa kabari.

Ka ba da izinin tun ciki yana ƙarami. Ka faɗa da bakinka a gaban mahaifiyarka da abokiyar zamanta da maƙwabcin da ka amince da shi: ko ina nan ko ba na nan, dare ko rana, in naƙuda ta kama ta ko aka ga wata alama, a kai ta asibiti, na yarda, in likita ya ce tiyata, a sa hannu a madadina. Wannan magana ba ta rage maka girma ko kaɗan. Ikon da Allah ya ba ka a kan gidanka amana ce, kuma wanda ya tsare amana tun kafin ya bar gari shi ne cikakken magidanci.

Sai kuɗi. Mun iya tanadin ragon suna tun ciki yana wata 5, mun iya ajiye atamfar fitar suna da kuɗin goro da alawa, amma ranar naƙuda a rasa na mota. Ka fara cika asusun haihuwa kafin na suna, ka bar shi a hannun matar, ba a aljihunka ba. Ka riƙe lambar direba ko mai A Daidaita Sahu wanda ya yarda a tashe shi ƙarfe biyun dare. A jihohi da dama na Arewa an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, Jigawa kuma ta yi suna da shirinta na Haihuwa Lafiya. Ka je tasha ka tambaya ko akwai irinsu a yankinku. In babu, ku zauna da shugaban tasha ku kafa. Ka san rukunin jininta, ka kuma nemi mutum 2 a dangi da suka yi alkawarin bayarwa. Abin takaici ne a ce a ba da jini ƙarti su watse daga bakin asibiti, alhali abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jikin lafiyayyen namiji yana mayar da shi cikin makonni. A Damagaram, fiye da shekara 15 ke nan da aka fara makarantar mazaje, inda magidanta suke zama a inuwa su tattauna awo da haihuwa da hanyar asibiti. Ba su zama ƙananan maza ba don sun yi haka. Me ya hana majalisarmu ta shayi ta ɗauki wannan magana ko da sau ɗaya a wata?

Amma aikin yana farawa tun kafin naƙuda, a ɗakin awo. Wasu suna ɗaukar awo a matsayin yankar kati kawai, don kada a yi musu faɗa ranar haihuwa, shi ya sa sai ciki ya kai wata 7 ko 8 mace take leƙawa. Ku shiga ku ga abin da ake yi. Malama ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta karɓi fitsari a 'yar kwalba ta tsoma takardar gwaji, ta ja fatar idonta ta ga ko jini ya yi ƙasa. Ta kwantar da ita, ta auna tsawon ciki da tef, ta lalubo inda kan ɗa yake, ta kafa ɗan ƙaho a cikin ta saurari bugun zuciyarsa. Ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro bayan ciki ya wuce wata 3, da allurar rigakafin tsinkau-tsinkau, da gidan sauro. Ba ɗaya a cikin waɗannan da yake ado. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan abin da za ta zubar ya isa ya kai ta ƙasa. Ɗan da yake kwance a gicciye, a awo ake gano shi, a shirya masa tun da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikaciyar lafiya sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki.

Wannan ba sabon labari ba ne a ƙasar Hausa. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya gani a fili yake: matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shekara 40 ke nan da aka gaya mana, har yanzu muna kai su a makare.

Babban abin da awo yake kamawa shi ne hawan jinin masu ciki, wanda in an bar shi yake zama jijjiga. Yana shigowa shiru. In awo ya kai 140 bisa 90, kuma fitsari ya nuna alama, malama ta san abin da yake tafe tun mace ba ta ji komai ba. Daga baya sai ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa har zobe ya ƙi fita, da ciwo a saman ciki. In ta faɗi tana taune-taune, mu kuma sai mu ce iska ne, a rufe ɗaki a turara hayaƙi, a ɗura mata rubutu a baki tana sume, ruwan ya bi ta huhu. Ku yi mata addu'a, amma a cikin mota. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa, a nufi asibiti. Akwai allurar maganeziyam salfet, mai araha, da take tsayar da jijjiga. Da aka shigo da ita asibitoci 10 na jihar Kano a 2008, aka koya wa ma'aikata amfani da ita, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3.

Iyayenmu mata, a gafarce ni, akwai magana tsakaninmu. Ku ne kuke kan mai naƙuda a lokacin da maza suke waje, kuma abin da kuka ce shi ake yi. Kun haifi 8, kun haifi 10 a ɗaka, Allah ya raba ku lafiya, mun gode masa. Amma ku tuna ƙawayenku da aka kai ku ɗakin miji shekara ɗaya, nawa ne suka tafi a haihuwar fari? Su ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Mun koya wa 'ya'yanmu cewa kunya ce mace ta nuna ciwon naƙuda, musamman a ɗan fari. Yarinya ta zo goyon ciki, ciwo ya kama ta tun magariba, ta cije zane ta yi shiru har gari ya waye, don kada a ce ba ta da haƙuri. Hausawa dai su suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku gaya mata tun yau cewa da ta ji mara ta ɗaure, ko faya ta fashe, ko ta ga jini ko da ɗigo ne, ko ta ji ɗa ya daina motsi, ta faɗa, ba abin kunya ba ne.

Naƙudar da ta haura awa 12 ba ta gida ba ce. In kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, abin da ya fi samun yarinyar da jikinta bai gama ƙosawa ba, babu jiƙo ko turare da zai buɗe ƙashi. Kan yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya zube ya bar huda. Shi ne yoyon fitsari. Ɗan ya tafi, ita kuma ta tashi da fitsari yana bin ƙafarta dare da rana, a ware mata kwano da tabarma, sau da yawa takardar saki ta biyo baya. Yankan gishiri da ake yi da aska ko reza wai don a buɗe hanya, shi ma yana huda mafitsarar, yana kuma jawo zubar jini. Haka allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya yi a gida: maganin da yake ceton rai bayan haihuwa, in an yi shi ba bisa ƙa'ida ba ɗa yana ciki, yana iya fasa mahaifa. Ku hana. Wadda kuma yoyon ya riga ya same ta, kada a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, ana ɗinkewa a warke. Akwai Babbar Ruga a Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da Jahun, da Ningi, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da Danja kusa da Maraɗi.

Ungozomar gargajiya kuma ba abokiyar gaba ba ce. Mata sun yarda da ita, ta san kowane gida. Babban aikinta a yau shi ne ta zama ta farko da za ta ce a tashi, ta riƙe hannun mai naƙuda har gaban malamar asibiti, a kuma karrama ta a kan haka.

Bayan an haihu ma ba a gama ba. Mutane suna cewa kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in, kuma asibiti bai musa ba: a zauna awa 24 bayan haihuwa, a dawo a kwana na 3, a dawo cikin mako na biyu, a sake dawowa a mako na 6. Zazzaɓi, ko jini mai wari, ko haki da kumburi har mace ta kasa kwanciya sai a zaune, duk na komawa asibiti ne a ranar. Likitocin Zariya sun lura tun shekarun 1970 cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matanmu. Kanwa gishiri ce, mai hawan jini ba ta da haɗi da kunun kanwa, ruwan wanka kuma ba sai ya sale fata ba. A sa jariri a nono cikin awar farko, dakashi shi ne rigakafinsa na fari, kada a matse a zubar. Cibiya a shafa mata man kilohekzidin kawai, kuma kada ya kusanci ido. A bar uwa ta huta shekara 2 kafin wani cikin, daidai da shekarun shayarwa da muka sani a addini.

Ku kuma masu fararen kaya, nas-nas da ungozomomi, mun san halin da kuke ciki. Mun san akwai wadda take kwana ita kaɗai a kan mata huɗu, tana karɓar haihuwa da fitilar waya a baki, ba ruwa a famfo, albashi bai kai ƙarshen wata ba. Allah ya saka muku. Amma ku sani, in ka tambayi matan da suke awo su koma su haihu a gida, da yawa abin da suke faɗa shi ne tsawa da wulaƙanci. Mace tana murƙususu a ce mata ta yi wa mutane shiru, a tambaye ta ko wani ne ya aike ta, a buɗe ta ba labule. Wadda aka yi wa haka ba ita kaɗai take daina zuwa ba, duk matan layinsu sai sun ji, kuma sai sun ƙi. Sannu ba ta cin kuɗi. Ku kira ta da sunanta, ku ja labule, ku gaya mata abin da za ku yi kafin ku taɓa ta, ku bar uwarta ko yayarta ta tsaya kusa. Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tantinta a Madina tana jinyar masu rauni a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce magabaciyarku a wannan aiki. Ku riƙe shi da irin darajarsa.

Mu kuma da muke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, na yarda da wannan kishi. To, daga ina macen za ta fito in mun cire 'ya'yanmu daga makaranta a aji uku na sakandare? Ungozoma ba ta faɗowa daga sama. Yarinya ce da aka bari ta samu kiredit 5, a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, ta yi shekara 3 a makarantar ungozoma. Daga 2012 an yi wani shiri a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda aka ɗebo 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, aka yi musu shekarar share fage, suka shiga makarantun jinya, da sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki. Mazajensu da iyayensu ne suka yarda. Baƙuwar da aka turo daga birni tana iya neman canji bayan wata 6. 'Yar gari kuwa a nan ɗakinta yake, ana iya buga mata ƙofa da tsakar dare. Kowace gunduma ta zaɓi yarinya ɗaya ta ɗauki nauyinta. Attajirin da yake neman sadaka mai gudana, ga ta nan a gabansa.

Hukuma kuma a riƙe ta da alkawuranta. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, ta kuma haramta wa asibiti ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Waɗannan haƙƙoƙinku ne, ba alfarma ba. Kwamitin ci gaban gunduma ya je asibitin shan-magani da dare ya gani: akwai ungozoma a farke? Akwai wuta da ruwa? Akwai firjin ajiye oksitosin, tunda zafi yana kashe ƙarfinsa? Akwai ledar auna jini da allurar jijjiga? Babban asibitin ƙaramar hukuma yana da jini a ajiye? In mai neman ƙuri'a ya zo da atamfa da sabulu, ku karanta masa waɗannan tambayoyi. Mai unguwa da dagaci kuma su buɗe littafi: duk matar da ta rasu da ciki ko a jego, a rubuta, a zauna a gano a ina aka makara, don kada ta gaba ta bi ta wannan hanya. Liman ya ba wannan magana huɗuba guda, fasto ya ba ta wa'azi guda.

Kai mai karatu, akwai mai ciki a gidanka, ko a gidan ɗan'uwanka, ko a maƙwabta. Kada ka jira gwamnati, kada ka jira gobe. Yau in ka koma gida ka tambaye ta yaushe ne awonta na gaba, ka ajiye mata kuɗin mota a hannunta, ka rubuta lambar direba a bangon ɗaki inda kowa zai gani. Sannan ka tara mutanen gidan ka faɗi maganar nan kowa ya ji: in naƙuda ta zo, kada a jira ni, a kai ta asibiti.